'Yan'uwa Biyu Daga Ingila da Zanen Duwatsun Birnin Kudu

Mu mutanen Kangire mun saba wuce duwatsun Birnin Kudu ba ma ɗaga kai. Amma a shekarun 1950, Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya zo ya yi nazarin zanen shanun da ke Dutsen Habude da Dutsen Mesa.

Wansa, William Fagg, ya yi aiki a gidan tarihi na Birtaniya daga 1938 zuwa 1974. Daga nan kamfanin gwanjo na Christie's a Landan ya ɗauke shi mashawarci kan kayan tarihin Afirka. Idan ya tabbatar da asalin sassaƙa, darajarta takan ƙaru. Ya rasu a 1992.

Tsadar irin waɗannan kaya a Turai ta sa aka yi ta haƙe gumakan Nok a ɓoye a shekarun 1990, duk da dokar 1979 da ta hana fitar da su ba izini. Zanenmu kuwa yana jikin dutse, ba ya shiga jaka. Mai fasa dutse da mai kankara da ƙusa su ne abin tsoro. Jama'a, mu kai 'ya'yanmu su gani, mu kuma tsare shi.