Shugabanci da Al'adar Aiki a Hukumomin Birnin Kudu da Gwaram

Kowane wurin aiki yana tafiya ne bisa dokoki iri biyu. Akwai na rubuce, waɗanda ke cikin kundin ƙa'idojin aikin gwamnati da takardun umarni da ake aikowa daga hedikwata. Akwai kuma waɗanda ba wanda ya rubuta su, amma sabon ma'aikaci kan haddace su kafin ya karɓi albashin farko: ƙarfe nawa ake zuwa da gaske, wa ake fara gaisarwa, wace magana ake faɗa a gaban oga, wacce kuma ake ajiyewa sai an fito gindin darbejiya. Wannan kashi na biyu shi masana harkar gudanarwa ke kira al'adar aiki. Edgar Schein, malami a jami'ar MIT ta Amurka, ya nuna a littafinsa na 1985 cewa ba daga jawabin shugaba ma'aikata ke koyon al'adar wuri ba. Suna koyon ta ne daga abin da yake sa wa ido, da yadda yake yi idan abu ya ɓaci, da irin mutanen da yake ɗagawa.

Ga mutumin Kiyako, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Birnin Kudu, hukumomin zamani da yake hulɗa da su ba su da yawa, kuma kusan duk na gwamnati ne: makarantar firamare, ƙaramin asibiti, malamin gona, sai sakatariyar ƙaramar hukuma. Idan ciwo ya yi tsanani sai a nufi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, wadda ke karɓar marasa lafiya daga Gwaram da Buji har da garuruwan jihar Bauchi da ke maƙwabtaka. A takarda, duk waɗannan wurare tsari ɗaya suke bi. Akwai matakan albashi daga na 01 zuwa na 17, da takardar auna ƙwazo ta shekara-shekara, da takardar tuhuma ga wanda ya yi laifi, da ritaya ga mafi yawan ma'aikata idan an cika shekara 60 a duniya ko 35 a bakin aiki. Shi ne irin tsarin da Bajamushen nan Max Weber ya siffanta, inda kujera daban take, mutumin da ke kanta daban, kuma biyayya ga doka ake yi.

Sai dai ofis ya tarar da wani tsarin da ke ƙasa tun kafin ya iso. Birnin Kudu da Gwaram gundumomi ne na masarautar Kano a zamanin Turawa, kuma hukumar gargajiya ta En'e ce ke ɗaukar malamin haraji da malamin asibiti da duba-gari, umarni na gangarowa daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. Abin da ke riƙe da wannan sarƙa shi ne barantaka, wadda M. G. Smith ya yi bayaninta a bincikensa na 1960 kan mulkin Zazzau: bara yana ba ubangidansa biyayya da goyon baya, ubangida kuma yana ba shi kariya da muƙami. Tun a 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙuduri a majalisar Arewa yana neman a yi wa En'e garambawul. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya sauya sunaye da tsari, aka sami ciyaman da kansiloli da shugabannin sassa. Amma har gobe, idan aka ga ƙaramin ma'aikaci ba ya zuwa aiki kuma ba a taɓa shi, tambayar da ake yi a ofis ita ce: yaron wane ne?

Bai kamata a yi wa wannan gado kuɗin goro ba. Cikinsa akwai abin da kamfanonin Turai ke kashe kuɗi su koya. Shugaban da ke zuwa sunan ɗan masinjansa, ya je ta'aziyyar mahaifiyar mai gadi, ya san wanda matarsa ke kwance a asibiti, yana samun irin sadaukarwar da albashi ba ya saya. Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Arewa kafin ya koma koyarwa, ya tattara a 1974 halayen da Hausawa ke auna mutumin kirki da su, ciki har da gaskiya da amana da haƙuri da kunya da mutunci da adalci. Matsalar tana tasowa ne idan biyu daga cikinsu suka yi karo a teburi ɗaya, kuma waɗanda suka fi yin karo su ne gaskiya da kunya.

An tarbiyyantar da yaro kada ya musa wa babba, kada ya haɗa ido da shi, kada ya kai masa labarin da zai ɓata masa rai sai da dabara. A gida wannan ladabi ne. A ofis kuwa yana nufin darakta na iya kawo shawarar da kowa a ɗakin taro ya san ba za ta yiwu ba, amma a amsa masa da "an gama, ranka ya daɗe". Akawu ya ga lissafi bai daidaita ba ya yi shiru. Ma'aikaciyar jinya ta lura allurar da likita ya rubuta ta yi wa yaro yawa, ta tsaya tana tunanin yadda za ta faɗa ba tare da an ce ta raina shi ba. Idan kuma likitan sa'an mahaifinta ne, nauyin ya ninku. Ta haka labari mai daɗi ke hawa sama da gudu, mara daɗi ya maƙale a ƙasa, har shugaba ya zama shi ne na ƙarshen sanin abin da ke faruwa a hukumarsa. Ba yau aka gano haɗarin ba. Shehu Maghili, a nasihar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi ta nanata illar mai mulki ya shige labule ya bar talakawa ba sa iya kai wa gare shi.

Binciken zamani ya zo ya ƙarfafa wannan ta wata hanya mai ban mamaki. A shekarun 1990 Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta nazarci ɗakunan jinya a wasu asibitocin Amurka, tana zaton rukunin da ya fi kyakkyawan shugabanci shi zai fi ƙarancin kuskuren ba da magani. Sai ta tarar su ne suka fi yawan kuskure a rubuce. Da aka bi diddigi, sai ya bayyana su ne ba sa tsoron faɗa idan sun yi kuskure, yayin da ɗakunan da shugabanninsu ke da zafi suke ɓoye nasu. Darasin ya shafi kowane hedimasta da kowane mai kula da asibitin ƙauye: rahoton da babu matsala ko ɗaya a cikinsa abin tuhuma ne. Shi ya sa takardar matakan kariya a ɗakin tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ta tanadi kowa ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a sa wuƙa, domin wanda ya riga ya buɗe baki sau ɗaya ya fi samun ƙarfin halin sake buɗewa idan ya ga abin da bai yi daidai ba. Hausawa sun ce babba juji ne. A wurin aiki, hakan na nufin shugaba ya iya jin abin da ba ya so ba tare da wanda ya faɗa ya tsinci kansa a canjin wurin aiki zuwa ƙauye mafi nisa ba. Ma'aikata suna lura da abin da ya sami mutum na farko da ya faɗi gaskiya, kuma da shi suke auna bakinsu.

Maganin da gwamnatocin Najeriya suka fi gwadawa shi ne tsoratarwa. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sallami ma'aikata fiye da 10,000 bisa zargin rashawa, ko lalaci, ko tsufa, da yawansu ba tare da an saurari bahasinsu ba. Manazarta da dama na ganin daga nan ma'aikaci ya daina ɗaukar kujerarsa a matsayin abin dogaro, ya fara tanadin gobensa ta kowace hanya. A 1984 aka ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, sojoji suna sa makararru tsallen kwaɗo. A 2004 an gwada wata hanya daban, aka kafa SERVICOM don hukumomi su yi wa jama'a alkawarin irin hidimar da za su samu. Har yanzu akan ji gwamna ko kwamishina ya kai ziyarar ba-zata ya sa an rufe ƙofa da ƙarfe takwas. Mako guda ana sammako, sannan a koma gidan jiya.

Akwai hujja mai ƙarfi kan dalilin da ya sa hakan ba ya ɗorewa, kuma daga Najeriya ta fito. Imran Rasul da Daniel Rogger sun bi ayyuka kusan 4,700 na hukumomin tarayya 63, irin su rijiyoyin burtsatse da gine-gine da hanyoyi da madatsun ruwa, suka wallafa sakamakon a 2018. Kimanin kashi 38 cikin ɗari na ayyukan ko fara su ba a yi ba. Hukumomin da ke sakar wa ma'aikatansu mara su yanke shawara a kan abin da suka ƙware a kai sun fi kammala aiki. Waɗanda suka fi tsananta sa ido da alkawarin lada ko horo kuwa sun fi barin aiki a hanya. Ɗaya daga cikin bayanan da masu binciken suka kawo shi ne, idan ra'ayin oga ne ma'aunin ƙwazo, ma'aikaci kan karkata ga faranta wa oga rai ya bar aikin. Wannan ba kira ba ne a daina bincike. Abin da yake nunawa shi ne sa ido a hannun shugaban da ba shi da ma'auni na adalci barantaka yake ƙarawa.

Ƙaramin shugaba a karkara yana da wata matsalar ta daban: an ɗora masa nauyi, ba a ba shi iko ba. Hedimasta ba shi ke ɗaukar malami ba, ba shi ke canja masa wuri ko ƙara masa girma ba. Wannan yana hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha a Dutse. Idan ya rubuta ƙarar malamin da ba ya zuwa, yana iya gamuwa da kawun malamin a masallaci da magariba, ko a kira shi a waya daga sama. Abin da ya rage masa shi ne misalin kansa, da goyon bayan kwamitin iyaye da masu unguwa. A makarantun da ake ganin tsari, galibi za a tarar hedimastan ne ke riga kowa isowa.

Jigawa ta yi gwaje-gwajen tsari da suka cancanci nazari tun da aka ƙirƙiro ta daga jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, inda ɗan Birnin Kudu, Barista Ali Sa'ad, ya zama gwamnanta na farko na farar hula a 1992. Gwamna Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, ya rarraba ma'aikatun jiha zuwa garuruwa daban-daban da niyyar kai gwamnati kusa da jama'a, abin da ya sa fayil kan yi tafiya mai nisa kafin ya sami sa hannu. Sule Lamido, ɗan Bamaina a ƙaramar hukumar Birnin Kudu, ya mayar da su Dutse bayan ya hau a 2007. A wannan shekarar ce kuma aka kafa tsarin Gunduma, wanda ya haɗa ƙananan asibitoci da manyan asibitocin jiha a ƙarƙashin hukuma ɗaya mai rassa tara, domin ma'aikacin lafiya ya san wa yake yi wa aiki a maimakon iyayen gida biyu ko uku. Daga baya an sauya shi da hukumar kula da lafiya a matakin farko. Kowane sauyi irin wannan yana da hujjarsa, amma yawan sauyin shi kansa yana koya wa ma'aikaci wata al'ada: ya lafe, ya jira, wannan ma zai wuce.

Batun albashi ba ya buƙatar dogon bayani. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024, tsadar kaya na biye da shi ƙafa da ƙafa. Ƙaramin ma'aikaci a Birnin Kudu ko Gwaram manomi ne kuma, don haka idan damina ta faɗi rajistar zuwa aiki takan nuna. Shugaba mai hankali yakan zauna da mutanensa a tsara karɓa-karɓa a fili, a san wanda zai tsaya ranar kasuwa da wanda zai wakilci ofis a jana'iza. Wanda ya ƙi yin haka yakan sami rajista cike da sa hannu, ɗakuna kuma babu kowa.

Wayar hannu ta fara taɓa tsohuwar sarƙar umarni. A zaurukan WhatsApp na ma'aikata, sanarwa kan isa ga kowa a lokaci ɗaya, matashin da aka ɗauka ta shirin N-Power ko J-Teach yana iya rubuta abin da ba zai iya faɗa ido da ido ba, hoton ajin da rufinsa ya yaye kuma kan isa Dutse kafin rahoton hedimasta. Wasu shugabanni na ɗaukar wannan rashin kunya, wasu kuma sun gane hanya ce ta jin abin da aka daɗe ana ɓoye musu.

Babban giɓin da ya rage yana wajen zaɓen shugabannin. Har yanzu daɗewa a aiki, ko sanayya, ke kai mutum kujerar hedimasta ko shugaban sashe, kuma sau da yawa ranar da aka ba shi takardar naɗi ita ce ranar da zai fara koyon jan ragamar mutane, ba tare da horo ba. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya. Idan hukuncin ya tabbata a aikace, ƙarin kuɗi da iko za su sauka a sakatariyoyi irin na Birnin Kudu da Gwaram, a hannun shugabannin sassan da ake da su yanzu. Horar da su, da kare ƙaramin ma'aikacin da ya kawo rahoton gaskiya, aiki ne da ke kan hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha, kuma ya kamata ya riga kuɗin isowa.