Kakar Tseren Keke Ta 2024: Shekarar Da Ɗan Asmara Ya Saka Koriyar Riga

Ranar Litinin, 1 ga Yulin 2024, mahaya keke fiye da 170 suka tashi daga garin Piacenza na ƙasar Italiya suka nufi birnin Turin. Nisan tafiyar kilomita 230 ne da 'yan kai, kamar dai a ce daga Kano zuwa Kaduna. Sun kwashe awa biyar da kusan rabi suna murza feda, amma sai a 'yan mitocin ƙarshe aka raba gardama. Wani matashi mai shekara 24 ya kutso ta jikin shingen 'yan kallo, ya riga kowa tsallake layi. Sunansa Biniam Girmay, ɗan ƙasar Eritiriya. A ranar ya zama baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya ci zango a gasar Tour de France, gasar da aka fara tun 1903.

Yawancinku ƙwallon ƙafa kuka sani, keke kuwa abin zuwa makaranta ne ko aiken gida. To, a Turai sana'a ce mai albashi da koci da likita da makanike, kuma tana da kakarta kamar yadda Firimiya ke da tata.

Yadda kakar take

Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, mai hedikwata a ƙasar Suwizalan, ita ke tsara manyan gasannin shekara. Na 2024 sun fara a Ostireliya cikin Janairu, suka ƙare a ƙasar Sin cikin Oktoba. Manyan ƙungiyoyi 18 ne a rukunin farko. Wasu tseren na yini ɗaya ne, wasu na mako guda, sai kuma manya uku da ake yin mako uku ana fafatawa: Giro d'Italia a Italiya, Tour de France a Faransa, da Vuelta a Sifaniya. Kowace daga cikin ukun nan an raba ta zango 21, kullum zango ɗaya, da kwana biyu na hutu a tsakani.

Tour de France ta 2024 kilomita kusan 3,500 ce. Ku ƙiyasta mutum ya hau keke daga Kano zuwa Legas, ya dawo, ya sake komawa, sannan ya juyo har ya ci rabin hanya, duk cikin mako uku, ga kuma duwatsu masu tsayin gaske a gaba.

A ƙarshen kowane zango ana haɗa lokacin da kowa ya ɓata tun daga ranar farko. Wanda lokacinsa ya fi ƙaranci shi ke saka riga ruwan ɗorawa, wanda kuma ya riƙe ta har ranar ƙarshe shi ne zakara. Koriyar riga daban ce, da maki ake cin ta. Wanda ya zo na ɗaya a zangon da hanyarsa ke shimfiɗe yana samun maki 50, akwai kuma wani ɗan layi a tsakiyar hanya da na farko ke samun 20. Saboda haka riga ce ta masu gudun ƙarshe, waɗanda kan fi kilomita 60 a awa idan layi ya matso.

Abin da ya fi ba sabon ɗan kallo mamaki shi ne, mutum takwas ne a kowace ƙungiya, amma galibi ɗaya ake yi wa aiki. Babban abokin gabar mahayi iska ce. Wanda ya laɓe a bayan wani yakan tsimin kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. Don haka sauran 'yan ƙungiya su ke shiga gaba su tare wa jagoransu iska, su koma wajen motar ƙungiya su ɗebo masa ruwa da abinci, in tayarsa ta yi faci wani ya sauka ya miƙa masa nasa keken. Da yawansu har su yi ritaya ba su ci tsere ko ɗaya ba. Shi ya sa bisa al'ada zakaran Tour de France ba ya cinye kyautarsa ta Yuro 500,000 shi kaɗai, rabawa yake da 'yan ƙungiya da ma'aikata.

Wanda ya gagari kowa

In ana maganar nasara zalla, babu musu kakar 2024 ta Tadej Pogacar ce, ɗan ƙasar Siloveniya mai hawa wa ƙungiyar UAE Team Emirates. Tun ranar 2 ga Maris ya nuna alama a tseren Strade Bianche, inda ya ɓalle shi kaɗai saura kilomita 81, ba wanda ya sake ganin ƙurarsa. A Mayu ya ci Giro da tazarar minti 9 da daƙiƙa 56, tare da zango shida. A Yuli ya ci Tour de France, nan ma zango shida. Rabon da mutum ɗaya ya haɗa waɗannan biyun a shekara guda tun Marco Pantani a 1998. Ranar 29 ga Satumba a birnin Zurich ya ƙara da gasar cin kofin duniya, bayan ya kai farmaki tun saura kilomita 100, abin da masana suka ɗauka wauta ce har sai da suka ga ƙarshenta. Kafin shi, maza biyu kaɗai suka taɓa haɗa ukun nan a shekara ɗaya: Eddy Merckx a 1974 da Stephen Roche a 1987.

Duk lokacin da mutum ya fi sa'o'insa haka, sai an yi ƙus-ƙus, domin wannan wasa ya taɓa shan kunya. A 2012 aka ƙwace kofunan Tour de France bakwai daga Lance Armstrong na Amurka saboda amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari. Pogacar dai ba a taɓa kama shi da laifi a gwaji ba.

Babban abokin hamayyarsa, Jonas Vingegaard na Denmak, wanda ya ci Tour a 2022 da 2023, da ƙyar ma ya samu zuwa. Ranar 4 ga Afrilu ya yi mummunan faɗuwa a wata gangara a arewacin Sifaniya, ya karye a kafaɗa da haƙarƙari, huhunsa ya samu rauni. Wata uku bai cika ba ya dawo, ya ci zango na 11 yana hawaye, ya ƙare na biyu. A ganina wannan na biyun nasa ya kai wani na ɗayan daraja.

Daga Asmara zuwa Nice

Mu koma kan Biniam. An haife shi ranar 2 ga Afrilun 2000 a Asmara, birnin da ke kan tudu mai tsayin fiye da mita 2,300. Turawan Italiya da suka mulki Eritiriya su suka kai keke can, mutanen ƙasar kuwa suka rungume shi har ya zama wasan da ake tare tituna dominsa a ƙarshen mako. Biniam ya sha ba da labarin yadda mahaifinsa, kafinta, kan tara su gaban talabijin kowane watan Yuli su kalli Tour de France. A 2015 ya ga ɗan ƙasarsu Daniel Teklehaimanot ya saka rigar gwanin hawan dutse na 'yan kwanaki a gasar. A 2018 aka ɗauke shi zuwa cibiyar horarwa ta UCI a Suwizalan.

Hanyarsa ba ta zo da sauƙi ba. A 2022 ya ci tseren Gent-Wevelgem a Beljiyam, ya kuma ci zango a Giro, amma a wajen bikin ba da kyauta murfin kwalba ya fallatsa ya buge shi a ido, dole ya bar gasar washegari. A Giro ta 2024 ma faɗuwa biyu ya yi a zango na huɗu ya fita. Ko ranar Turin ɗin, ƙungiyarsa ta Intermarché-Wanty ba shi ta tsara zai ci ba, an so ne ya share wa wani abokinsa hanya. Suka ɓace wa juna a cikin turmutsitsi, shi kuwa ya ga ƙofa a buɗe.

Wasu suka ce sa'a ce. Sai ya sake ci a zango na 8, ya ƙara a na 12, koriyar riga ta zauna a jikinsa. Daga nan duk garin da gasar ta sauka sai ka ga 'yan Eritiriya mazauna Turai da tutocinsu suna kiran sunansa.

Sai ranar zango na 16 a birnin Nimes. Saura ƙasa da kilomita biyu ya faɗi, ya ji ciwo a gwiwa da gwiwar hannu. Jasper Philipsen na Beljiyam, wanda ke bin sa a maki, ya ci zangon ya kwashe 50, tazara ta dawo 32 kacal. Abokansa ne suka raka shi har layi. Ga kuma duwatsun Alps a gaba, kuma dokar gasar ba ta da sani ba sabo: duk wanda ya iso bayan lokacin da aka ƙayyade an kore shi, komai yawan makinsa. Mai gudun ƙarshe jikinsa ya fi na masu hawan dutse nauyi, don haka kwanakin nan su ne azabarsa ko yana da lafiya, balle da rauni. Haka ya daure har ranar 21 ga Yuli a birnin Nice, inda aka rufe gasar ta 2024 saboda Paris na shirin wasannin Olamfik. Ya ƙare da maki 387, Philipsen 354. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya tafi gida da koriyar riga.

A gasar ce kuma Mark Cavendish na Birtaniya, yana da shekara 39, ya ci zangonsa na 35 ya karya tarihin Merckx. A ɓangaren mata, Kasia Niewiadoma ta Folan ta ci tasu Tour ɗin da tazarar daƙiƙa huɗu tak, bayan mako guda ana tsere. Remco Evenepoel na Beljiyam ya kwashe zinare biyu a Olamfik, Primoz Roglic kuma ya ci Vuelta karo na huɗu.

Ba duka labarin ne mai daɗi ba. André Drege na Norwe, mai shekara 25, ya rasu bayan faɗuwa a gangara a gasar Ostiriya cikin Yuli. A Zurich kuma Muriel Furrer, 'yar Suwizalan mai shekara 18, sa'ar wasu daga cikinku, ta faɗi a tseren matasa ana ruwan sama, ta ji rauni a ka, ta rasu washegari. Dukansu da hular kwano a kansu, domin doka ce a wannan wasa. Ku da ke tsere da juna a hanyar makaranta tsakanin motoci da Keke Napep, kai ba komai, ku riƙe wannan.

Ina namu?

Najeriya ba ta da mahayi ko ɗaya a manyan ƙungiyoyin nan 18. Amma a Olamfik ta Paris an ga Ese Ukpeseraye ta wakilci ƙasar a tseren kan titi, sannan ta shiga na cikin fili da keken da tawagar Jamus ta ara mata. Labarin aron nan ya nuna inda gizo ke saƙar. Keken da ƙwararru ke hawa, wanda doka ta ce kada ya gaza kilo 6.8, kuɗinsa ya kai na mota. Ga tsadar tikitin jirgi, ga wahalar biza, ga ƙarancin gasanni a gida da za su sa masu farautar 'yan wasa su gan ka. Eritiriya ba ta fi mu arziki ba, abin da take da shi tsere ne a kai a kai tun daga yara. Burkina Faso na da Tour du Faso tun 1987, Ruwanda na da tata gasar da ke tara jama'a maƙil a bakin titi.

A Ruwandar ne aka yi gasar cin kofin duniya ta shekarar da ta biyo baya, a birnin Kigali, daga 21 zuwa 28 ga Satumban 2025, karo na farko a nahiyar Afirka. Sai dai hanyar da aka zana cike take da hawa, irin wadda ta fi dacewa da Pogacar fiye da Biniam.