Ku Riƙa Duba Bakin Yaranku

Iyalai da yawa da suka sauka a Zangon Lome a 'yan shekarun nan sun baro gida ne ba shiri. Uwar da ta gudo da goyo a baya ba ta tsayawa neman buroshi. Sai an sami wurin kwana da abin kai wa baki, an yi rajista, sannan ake tuna sauran abubuwa, haƙori kuwa shi ne na ƙarshe a layi. Mun san da haka. Amma mun kuma san daren da yaro ke kwana yana kuka riƙe da kunci, ga ɗaki ɗaya cike da mutane, ba wanda zai rintsa. Tun da aka tashi Zango daga tsakiyar gari a 1977 aka mai da shi arewa, wajen Aguwe, tafiya ce mai nisa zuwa babban asibitin Sylvanus Olympio da ke Tokwen, inda ake da likitocin haƙori. Kafin a ga likita ma, kuɗin zemijan ya ci rabin abin da ke hannu. Shi ya sa muke son mu yi magana kan abin da uwa da uba za su iya yi a gida, tun ciwo bai zo ba.

Sau da yawa mukan ji ana cewa, "Ai haƙoran nono ne, zai yi famfara wasu su fito." Gaskiya ne za su zube, sai dai ba da wuri ba. Na farko yakan fito wajen wata 6, zuwa shekara 3 sun cika 20. Famfara tana farawa wajen shekara 6 da haƙoran gaba, amma turame na baya suna nan har yaro ya kai shekara 10 zuwa 12. Ke nan turmin da ya yi kogo yaro yana shekara 4 zai iya wahalar da shi shekaru da dama. Yaron da tauna ke yi wa zafi yakan ƙi abinci mai tauri, ya koma sai koko da shayi, ya rame. Ga yaron da dama ƙarfinsa ya ragu a hanya, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Kuma kowane haƙorin nono yana riƙe wa babban da ke ƙarƙashinsa wuri. In aka cire shi kafin lokaci, na kusa sukan matso, babban ya fito a karkace.

Akwai wani haƙori da iyaye suka fi yin kuskure a kansa. Wajen shekara 6, wani babban turmi yakan fito can baya, sama da ƙasa, dama da hagu, ba tare da wani ya faɗi ba. Saboda ba a ga famfara ba, sai a ɗauka na nono ne a bar shi ya ruɓe. Alhali shi ne na dindindin na farko, in ya tafi ba wani da zai maye gurbinsa.

Me ke cin haƙori? Ba tsutsa ba ce, ko da masu tallan magani a kasuwa sun nuna muku wani abu fari a cikin ruwa sun ce daga bakin yaro ya fito. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna zaune cikin dattin nan mai yauƙi da ke manne wa haƙori. Duk lokacin da zaƙi ya shiga baki, sai su mai da shi tsami, tsamin ya riƙa zaizaye fatar haƙori. Yawu yana wanke tsamin ya gyara ɓarnar, amma yana bukatar lokaci. Don haka yawan lokutan da yaro ke shan zaƙi a yini ya fi yawan zaƙin kansa illa. Alewa biyu bayan cin abincin rana sun fi sauƙi a kan alewa ɗaya da safe, biskit da hantsi, ƙullin zoɓo mai sukari da azahar, lemon kwalba da yamma. A Zango kuwa ko'ina ka juya akwai mai tebur, ga baƙi masu tausayin yaran da suka sha wahala suna miƙa musu minti. Ba mu ce a hana kyauta ba. A karɓa a yi godiya, a ajiye sai lokacin abinci. Tsakanin abinci, gyaɗa ko gwanda ko ruwa zalla sun ishe shi.

Mafi muni shi ne zaƙin dare, domin yawu yana raguwa in mutum ya yi barci. Jaririn da ake kwantar da shi da fida mai shayi ko madarar gwangwani mai sukari, haƙoransa na gaba na sama su ne suke fara lalacewa. Alamar farko farin layi ne kamar alli kusa da dasashi, daga baya ya koma ruwan ƙasa ya fara marmashewa. In kun ga farin layin, har yanzu ana iya tsayar da ɓarnar. Nonon uwa zalla har wata 6, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci, kuma kada a sa wa yaron da bai kai shekara 2 ba sukari a koko.

Wanke baki yana farawa da haƙorin farko, sau biyu a rana, na dare kafin barci shi ne ba a tsallakewa. A sami ƙaramin buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fulorayid, wanda ke ƙarfafa fatar haƙori. Ku duba jikin kwalin, ku nemi lamba 1000 ko sama da haka kusa da haruffan ppm. Yaron da bai kai shekara 3 ba, a shafa masa kamar ƙwayar shinkafa. Daga 3 zuwa 6, kamar ƙwayar wake. Da irin wannan awo, man ɗaya zai daɗe a gida. Bayan an goge a tofar, kada a kuskure baki da ruwa, a bar ɗan abin da ya rage ya yi aikinsa. Babba ne zai riƙa goge wa yaro har wajen shekara 7, domin hannunsa bai iya kaiwa baya ba. Ku zaunar da shi a cinya ya jingina kansa da ƙirjinku, za ku ga komai. In babu buroshi, asuwaki mai laushin baki yana cire datti sosai, jariri kuma tsumma mai tsabta a yatsa ya wadatar. Kowa da nasa, ba a aron buroshi. Gawayi da toka da yashi kuwa kankare haƙori suke yi.

Tofarwar da muka ce tana da dalili. Fulorayid kaɗan a kan haƙori magani ne, amma in ya yi yawa a ruwan sha yakan ɓata haƙoran da ke tsirowa da tabo fari ko ja. Ana ganin haka a yankin haƙar fosfat na Hahotowe da Kpeme a nan Togo. A Tibiri ta Maraɗi kuwa, ruwan wata rijiyar burtsatse da aka fara sha a 1985 ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara. In yaronku ya zo da irin wannan tabo daga garinku, ba datti ba ne, gurza ba ta fitar da shi.

Sai batun fitar haƙori. Jariri yakan yi dalala, ya riƙa cizo, ya yi rigima, dasashi ya ɗan kumbura. Iyakarsa ke nan. Zazzaɓi mai zafi da zawo da amai ba aikin haƙori ba ne. A wannan shekarun ne yaro ke rarrafe yana kai komai baki, ga sauro, shi ya sa ciwon ke zuwa tare da haƙorin. Kalmar nan "haƙori yake yi" ta sa an zauna da yara masu zazzaɓin cizon sauro a gida har lokaci ya ƙure. Ku kai shi a gwada jininsa a ranar. Kuma ku guji ruwan maganin haƙori na 'yan tebur. A Najeriya, tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009, wani irinsa mai suna My Pikin da guba ta gurɓata ya kashe yara 84. Yatsa mai tsabta a murza dasashi a hankali ya fi shi amfani.

Akwai ciwo ɗaya da ba ya jiran gobe, shi ne ma babban dalilin wannan rubutu. Likitoci suna ce masa noma (ba shi da alaƙa da noman gona), a ƙasar Hausa wasu na cewa zaizayar baki. Ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da yunwa ta raunana, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓi mai tsanani, wato irin halin da gudun hijira ke jefa yaro. Yana farawa da abin da ba a ɗauka komai ba: dasashi ya yi ja, yana jini in an taɓa, baki yana wari, yaro ya ƙi cin abinci. Sai kunci ya kumbura. Cikin 'yan kwanaki naman ya yi baƙi ya ɓule. In ba a yi magani ba, kusan 9 cikin 10 ba sa tashi, waɗanda suka rayu kuma sai an yi musu tiyatar fuska, irin wadda ake yi a asibitin noma na Sakkwato tun 1999. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarsa daga wani yaro. A matakin dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da shi gaba ɗaya. Rigakafin ƙyanda, da ake farawa a wata 9, yana toshe masa babbar ƙofa.

Don haka ko da sau ɗaya a mako, ku ɗaga leɓen yaro a cikin haske ku duba, yaro mara lafiya kuma kullum. Jini da wari, ko kumburin kunci da zazzaɓi, ko yaro ya kasa buɗe baki: a tafi asibiti mafi kusa a ranar, ko da babu likitan haƙori a wurin, ma'aikacin jinya zai iya fara magani ya tura ku gaba. Kogo mai ciwo ba kumburi, a ba shi farasitamol daidai shekarunsa, babban yaro ya kuskure da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a nemi likita cikin 'yan kwanaki. Kada a danna asfirin ko taba ko ruwan batir a kogon, ƙona dasashi suke yi.

In yaro ya faɗi wajen wasa haƙori ya fita, na nono ba a mayar da shi. Na dindindin kuwa a riƙe shi ta kai, ban da saiwar, a ɗauraye a mayar ramin, ko a sa shi cikin madara, a kai ga likita cikin awa ɗaya. Ku tafi da katin rigakafin yaron da takardarku ta rajista, in kuma kuɗin mota ne ya tsaya muku, ku faɗa wa ma'aikacin da ke kula da unguwarku.