Tundurmi Da Gwaiwa A Ƙasar Bakalori: Tsutsar Da Ke Jiran Dare

Duk wanda ya saba cin kasuwar Talata Mafara ba zai rasa ganin irinsu ba, wato mutum yana tafe a hankali, ƙafarsa ɗaya ta yi biyun ɗayar, fatarta ta yi kauri kamar ɓawon kuka, takalmi ya daɗe da ƙin shiga. Wannan shi ne tundurmi. Akwai kuma ɗan'uwansa da ba a gani a kasuwa, don babbar riga tana rufa masa asiri, watau gwaiwa, inda ruwa ke taruwa a marainan namiji har tafiya da aikin gona su gagare shi. In ka tambaya a Damaga ko Bakura ko Maradun, wani ya ce sammu ne, wani ya ce ya taka abin da aka binne, wani kuwa ya ce gadon gidansu ne. To, mai karatu, yau shekara fiye da 140 ke nan da likitoci suka gano tushen abin.

Wata tsutsa ce siririya kamar zaren ɗinki, masana suna kiranta Wuchereria bancrofti. Sunan mutum biyu aka haɗa mata: Otto Wucherer, wanda ya ga 'ya'yanta a fitsarin wani majinyaci a Birazil a 1866, da Joseph Bancroft, wanda ya ga uwar kanta a Ostireliya a 1876. Macen takan kai santimita 8 zuwa 10. Ba a hanji take zama ba kamar tsutsar ciki. Mazauninta shi ne waɗansu ƙananan jijiyoyi masu kwashe ruwan da ya taru a tsoka su mayar da shi cikin jini, waɗanda ke bi ta matsematsi da hamata, daidai inda kaluluwa ke fitowa. A nan mace da namiji ke naɗewa, su yi shekara 6 zuwa 8, macen tana zuba 'ya'ya miliyoyi cikin jini. Tun suna raye suke buɗa jijiyoyin suna lalata su, in sun mutu kuma wurin ya toshe. Ruwan da ya rasa hanya sai ya kwanta a ƙafa, ko hannu, ko nono, ko maraina.

Abin mamakin yana ga 'ya'yan. Da rana sukan laɓe a jijiyoyin jini na can ciki, wajen huhu. Sai dare ya yi, daga ƙarfe 10 zuwa 2, su fito jinin da ke kusa da fata. Shi ya sa a da ma'aikatan lafiya sai da fitila suke bin gidaje su ɗebi jini, don na rana ba ya nuna komai a madubin likita. Wa suke jira a wannan lokaci? Sauro. Wani likita Bature, Patrick Manson, shi ya gano haka a ƙasar Sin a 1877. Sauron ya tsotsi jinin mai ɗauke da cutar, 'ya'yan tsutsar su yi kwana 10 zuwa 14 suna girma a jikinsa, su gangaro bakinsa, in ya ciji wani su sauka a fata su shiga ta ramin cizon. A ƙauyukanmu, sauron da ke kawo masassarar cizon sauro shi ne dai ke wannan aiki.

Cizo ɗaya ba ya kawo tundurmi. Sai mutum ya sha cizo wata da watanni, shekara da shekaru. Yawanci tun ana yaro ake kamuwa, kumburin bai bayyana sai an girma, har an yi aure. Kuma akasarin masu tsutsar ƙalau suke a ido, ba kumburi ba zazzaɓi, alhali daga jininsu sauro ke ɗiba. Mai babbar ƙafar da ake ƙyama, sau da yawa ma ba a samun 'ya'yan tsutsar a jininsa. Ana samunta a gida ɗaya, uba da ɗa, saboda ɗaki ɗaya da sauro ɗaya ne suka haɗa su. Cin abinci tare ko musafaha ba sa yaɗa ta.

A nan ne ya kamata mutanenmu su dubi inda suke zaune. Madatsar ruwa ta Bakalori, wadda aka gama a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, ta kawo noman rani a ƙasashen Mafara, Bakura da Maradun, kuma ba mai musun albarkar shinkafa da albasa da tumatir. Amma fa a da, in kaka ta wuce tafkuna suka ƙafe, sauro yakan ragu. Yanzu magudanar da ta tsage tana yoyo, da fadamar shinkafa, da ramin da aka haƙa aka yi tubali, duk suna riƙe ruwa har bazara. Bazarar nan kuwa ita ce lokacin da kowa ke fitar da tabarma tsakar gida, ba riga ba gidan sauro. Mai gadin gona da dare, shi kam ba a magana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 120 na ɗauke da cutar sa'ad da ta fara yaƙi da ita a 2000. Zuwa 2018 sun ragu zuwa miliyan 51. Makamin shi ne ƙwayoyi biyu, Mectizan da albendazole, waɗanda kamfanonin Merck da GSK ke bayarwa kyauta. Sau ɗaya ake sha a shekara, ana auna tsawon mutum da sanda a ba shi daidai da shi, ban da mai ciki, da yaron da bai kai santimita 90 ba, da wanda ciwo ya kwantar. Maganin 'ya'yan yake kashewa, bai cika kashe uwar ba, don haka dole a yi ta sha aƙalla shekara 5, har uwar ta tsufa ta mutu, kuma sai kashi 65 cikin 100 na jama'ar gari sun sha kowace shekara. Togo ta rabu da cutar a 2017. A shekarar ce kuma aka sanar cewa jihohin Filato da Nasarawa sun tsayar da yaɗuwarta, da taimakon Cibiyar Carter, ta hanyar ƙwayoyin nan da gidan sauro. A Zamfara ƙungiyar Sightsavers ta yi shekaru tana taimaka wa ma'aikatar lafiya a wannan rabo. Damuwata ita ce ƙauyukan da 'yan bindiga suka tarwatsa. Mai rabon magani ba zai shiga inda ake gudu ba, wanda ya yi hijira kuwa ya tafi da tsutsarsa wani gari inda sauro ke jiransa.

Wanda ƙafarsa ta riga ta kumbura, ƙwayoyin ba za su mayar da ita yadda take ba, gara a faɗi gaskiya. Amma abin da ke ƙara mata girma shi ne masassarar nan mai rawar ɗari, wadda ke zuwa idan ƙwayoyin cuta suka shiga ta faso ko miki tsakanin yatsu. A riƙa wanke ƙafar da sabulu da ruwa mai tsabta kullum, a goge ta bushe har tsakanin yatsu, a ɗora ta kan matashi in za a kwanta, a motsa ta, a sa takalmi mai faɗi. Kada a yarda wanzami ya yi mata tsaga ko ƙaho, sabon miki sabuwar ƙofa ce. Gwaiwa kuwa aikin tiyata ke raba ta da mutum, kuma ba babban aiki ba ne. Sai dai a bari likita ya duba tukuna, don ƙaba ma tana kumbura wuri ɗaya, aikinsu kuwa daban.