Ƙarar Inji da Ɗaurin Noti: Ina Gaskiya, Ina Ji-ta-ji-ta?

Duk wanda ya saba shiga motar haya daga Fagada ko Maiyama zuwa Jega ya san cewa mota ba ta yin ƙara sai an samu masu fatawa. Direba na da tasa, yaron mota na da tasa, har fasinjan da ke gidan gaba. Wasu maganganun gaskiya ne, wasu kuwa su ke kai inji ga bugawa.

Wadda ta fi yawo ita ce wai in inji ya fara ƙwanƙwasa, a zuba masa baƙin mai mai kauri, zai yi shiru. Shirun kam yakan yi, amma ciwon na nan. Ƙwanƙwasa mai nauyi da ke fitowa daga ƙasan inji, tana ƙaruwa in an taka totur, yawanci alama ce ta cewa ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu sun cinye. Mai kauri yana cike gurbin ne na ɗan lokaci, kuma da sanyin safiyar hunturu yana jinkirin hawa saman inji. In ƙarar ta zo tare da jar fitilar mai, a kashe motar nan take, ko da albasar Aliero ce a baya ana sauri da ita kasuwa.

Sai masu cewa duk jijjiga daga inji take. Ba haka ba ne, kuma gwajin ba ya cin ko kwabo. Tsayar da mota, sa ta a firi, taka totur a hankali. In jijjigar na bin tashin inji, a duba fulogi, ko robobin da inji ke zaune a kansu. In kuwa sai mota ta kai gudun kilomita 80 zuwa 100 a kan titin Jega zuwa Koko sitiyari ke rawa, to taya ce ba ta daidaita ba, ko rim ya lanƙwashe, ko ma busasshen laka ne ya maƙale a cikinsa tun damina. Rawar da ke zuwa sai an taka birki, faifan birki ne. Ƙas-ƙas a lokacin shan kwana, shaf ne. Kukan safe mai tsini kuma fambel ne ya saki ko ya tsufa.

Akwai wadda mutane ke yi wa dariya alhali gaskiya ce: bakanike ya ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne. Ƙarfe na ɗaukar sauti, don haka yana gane inda ƙarar take. Ya dai yi nesa da fanka.

Inda na fi jin takaici shi ne wajen ɗaurin taya. An ɗauka cewa iya ƙarfin ɗauri iya aminci, shi ya sa za ka ga mai faci ya zura bututu a sifana, ya hau da ƙafa yana tsalle har notin ya yi ƙara. Wannan ƙarar ba shaidar kamawa ba ce. Kowane noti yana da ma'aunin da kamfani ya sa masa. A ƙananan motoci irin Golf da Corolla yawanci bai wuce Nm 100 zuwa 120 ba, abin da hannun mutum ɗaya ke iya bayarwa da sifanar da ta zo da motar. In aka zarce, ƙarfen yana miƙewa, zarensa ya lalace, wata rana ya tsinke a rami da lodi a kai. Shafa masa baƙin mai ko giris ma yana sa a zarce ma'aunin ba a sani ba. A goge shi dai, a ɗaura a bushe, ana tsallaka noti zuwa wanda ke fuskantarsa, ba bi da bi ba.

Amma gaskiya ne noti na kwancewa da kansa, musamman a hanyar da ba kwalta. Notocin salansa da na ƙarfen da ke riƙe batir suna yawan yin haka, kuma sau da yawa su ne ƙarar da ake ɗora wa inji.

Direba, in an cire maka taya an mayar, sake bin notocin da sifana bayan tafiyar kamar kilomita 50.