Kuran a cikin ruwa: dokar da Amurka ta gindaya wa kwatocinta

Ranar 4 ga watan Yuli 2012, Amurka na cikin bikin ƴancin kanta, wata yarinya da ƙanenta suka rasu a tabkin Ozarks, cikin jihar Misuri. Iyo suke yi dab da wani dandamalin da ake ɗaure ƙananan jiragen ruwa. Kuran ne ya tsiyayo daga wayoyin wurin ya shiga ruwa, babu ƙara, babu tartsatsi.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne ruwan daɗi ya fi na teku haɗari. Ruwan gishiri yana ɗaukar kuran da sauƙi, sai ya kewaye mai iyo ya wuce. A kogi ko tabki kuwa, jikin ɗan Adam, da gishirin da ke cikin jininsa, shi ne hanya mafi sauƙi. Miliyamper 10 zuwa 15 sun isa su sandarar da gaɓoɓi. Gwanin iyo sai ya nutse kamar dutse, kuma sau da yawa ba a ganin wata ƙuna a jikinsa, a ce ruwa ne kawai ya ci shi.

Kundin ƙa'idojin lantarki na Amurka, wanda ƙungiyar NFPA ke sabuntawa duk shekara uku, ya keɓe wa kwatoci babi na 555. A 2011 ya wajabta na'urar da ke katse wuta idan yoyon ya kai miliyamper 100. A 2017 aka sauko zuwa 30, aka haɗa da dandamalin gidajen mutane, aka kuma tilasta kafa allon gargaɗi. Sai masu manyan kwatoci suka yi ta kuka: ɗan yoyon jirage da yawa, in ya taru, wuta ɗaukewa take yi ba gaira ba dalili. Bugun 2020 ya raba gardama: 30 ga kowane wurin da jirgi ke jona wuta, 100 ga babbar wayar da ke ciyar da su. Wannan 30 ɗin ba baƙo ba ne ga masu haɗa wuta na nan gida da suka koyi aiki bisa ƙa'idar Faransa.

Dokar ta kuma ja layi santimetir 60 sama da inda ruwa ke kaiwa lokacin cikowa. Kayan wutar da ba a ƙera su don nutsewa ba, ba su sauka ƙasa da shi. Sai dai kundin ba ya zama doka sai jiha ta amince da shi, kuma tsofaffin kwatoci da dama suna nan da wayoyinsu na da.

Shi ya sa masu ceto ke nanatawa: wanda ya ji tsikari a jikinsa, ya juya ya nisanci dandamalin, kada ya kama tsanin ƙarfe. Na kan tudu kuma kada ya faɗa ruwa. Ya fara kashe wuta, sannan ya jefa igiya.