Manhajar ajiya ta kyauta ma tana da mai ita

Ga abin da muka tattauna a filinmu na fasahar zamani kan manhajojin ajiyar ko-ta-kwana, wato masu kwafe abin da ke cikin kwamfuta su adana shi a wani wuri dabam, saboda ranar da na'ura za ta mutu ko a sace ta. Tambayar da ta fi yawa a saƙonninku, musamman daga masu gyaran kwamfuta na Maraɗi, Ƙonni da Illela, ita ce: tunda kyauta ake sauke su a intanet, mutum zai iya saka wa mai shago ko makaranta ya karɓi kuɗi? Amsar ita ce e, zai iya. Sai dai da sharaɗi, kuma sharaɗin yana rubuce a cikin lasisin manhajar.

Mu fara da abin da ke rikita mutane. An ba ka abu kyauta, sai ka ɗauka ba shi da mai shi. Ba haka ba ne. Duk wanda ya rubuta manhaja, haƙƙin mallakarta nasa ne tun daga ranar da ya rubuta, ko bai je ya yi rajista a wani ofishi ba. Haka ƙa'idar take a Yarjejeniyar Berne ta 1886, kuma Nijar da Najeriya duka suna cikinta. A Nijar akwai kuma Yarjejeniyar Bangui ta 1977, ta ƙasashen ƙungiyar OAPI, a Najeriya kuwa akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2022. Saboda haka ƙetare iyaka ba ya sauya komai. Lasisi shi ne takardar izinin mai haƙƙi, kamar mai gona ya ce ka noma, ka ci, ka sayar, amma ga abin da ban yarda ba. Ana samun sa a cikin manhajar, galibi a fayil mai suna LICENSE ko COPYING. Wallahi kaɗan ne a cikinmu ke buɗe shi.

Manhajojin da muke magana a kai su ne masu buɗaɗɗen tushe, waɗanda aka saki asalin rubutunsu kowa ya karanta, ya gyara. Mafi sauƙin lasisinsu shi ne BSD, wanda restic da BorgBackup ke amfani da shi. Ka kwafa, ka gyara, ka sayar, har ma ka sa a cikin taka manhajar ka rufe. Abin da ake nema kawai kada ka goge sunan masu haƙƙin da rubutun lasisin. Na Borg ya ƙara cewa kada ka yi talla da sunan marubutan ba da yardarsu ba. Shi ke nan.

Inda maganar take da tsawo shi ne GPL. Richard Stallman ne ya fito da shi a 1989, aka sabunta shi a 1991 da kuma 2007. A ƙarƙashinsa rsync take, wadda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka saki a 1996, haka ma Clonezilla ta Taiwan, wadda masu gyara ke kwafe rumbun kwamfuta gaba ɗaya da ita. GPL bai hana ciniki ba, ku ji da kyau. Ka ɗora Clonezilla a filashi, ko kile in ji wasunmu, ka sayar jika biyu ko naira dubu nawa ka ga dama, ba ka yi laifi ba. Amma wanda ka sayar wa yana da irin ƴancin da kake da shi. Zai iya kwafa wa abokinsa kyauta, ba ka da ikon hana shi. Dole kuma ka ba shi rubutun lasisin, ka ba shi asalin rubutun manhajar ko hanyar da zai same shi. In ka yi gyara ka raba wa mutane, gyaran naka ma sai ya fita a buɗe, da lasisin GPL ɗin. Wanda ya yi gyara don amfanin kansa a ofishinsa, bai ba kowa ba, babu abin da ake bin sa.

To me zai faru in mutum ya saɓa? A ce ya cire sunan masu ita, ya liƙa na shagonsa, ya ce shi ya ƙera. Izininsa ya faɗi, ya koma mai kwafar kayan mutane ba da yardarsu ba, daidai da mai satar fim. Bugun 2007 ya ɗan sassauta: wanda aka ja wa kunne karon farko, in ya gyara cikin kwana 30, izininsa na dawowa. Ni a ganina masu gyara ba su ma da dalilin shiga wannan. Kuɗinsu yana cikin aikin hannu ne, sakawa da saitawa da zuwa dubawa, kuma babu lasisin da ya hana karɓar ladan aiki.

Akwai ɗan'uwan GPL da ake kira AGPL, na Bacula da UrBackup. Shi ya ƙara cewa in ka gyara manhajar, mutane kuma suna amfani da ita ta intanet daga uwar garkenka, sai ka ba su asalin rubutun ko da ba ka miƙa musu kwafi ba. Wannan ya fi shafar kamfanoni.

Me ya sa duk wannan ya dame mu? Saboda ajiya aba ce ta shekaru. Gidan rediyo kamar namu yana da muryoyin dattawa da makaɗa da suka riga mu gidan gaskiya. In aka adana su da manhajar wani kamfani a rufe, kamfanin ya rushe ko ya ƙara kuɗi, kun ga an kulle mana rumbu an tafi da mabuɗi. Mai buɗaɗɗen tushe ba ta mutuwa da mai ita. Borg kanta a 2015 ta samo asali daga wata manhaja mai suna Attic, lokacin da aikin waccan ya yi sanyi, wasu suka ɗauki rubutun suka ci gaba. Lasisi ne ya ba su wannan dama. Haka Bareos ta Jamus ta ɓalle daga Bacula.

Wasu sun tambaya ko masu manhajar suna da rabo a abin da aka ajiye. Ko kaɗan. Hotunanka da takardunka naka ne. Amma fa lasisin bai halatta maka kayan wani ba. Masu turin waƙoƙi da finafinai a waya, in rumbunku cike yake da aikin mawaƙa ba da izininsu ba, ajiye shi da rsync bai wanke shi ba. Wannan tsakaninku ne da BNDA a Nijar ko Hukumar Haƙƙin Mallaka a Najeriya.

Sai sakin layin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a kusan kowane lasisi, BSD ne ko GPL: babu garanti. In manhajar ta lalata ajiya, ba za ka kai marubucinta ƙara ba, ka amince da haka tun da ka fara amfani da ita. Wanda ya biya ka kuwa kai ya sani, bai san Tridgell ba. Don haka kafin ka karɓi kuɗi, ka dawo da fayil biyu ko uku daga ajiyar a gabansa, ya buɗe ya gani da idonsa. Kuma restic tana kulle ajiya da kalmar sirri. In kalmar ta ɓace, ko waɗanda suka rubuta manhajar ba za su iya buɗe maka ba, don haka a rubuta ta a takarda, a ba mai kayan tasa, a ajiye ɗaya nesa da kwamfutar.